Auta da Laimar Kwaɗi

A Funtuwa aka haife mu duka, a wani gida da ke bayan hanyar da motocin auduga ke bi zuwa injin gurza. Mu shida ne a wajen Inna. Ni ce ta fari, maza huɗu a tsakiya, sannan ƙanwarmu wadda kowa ke kira Auta. Baba manomi ne, yana da gonar dawa da ta auduga, da kaka kuma yakan shiga ƙauyuka ya sayo auduga ya kai fuloti inda ake awo. Akwai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, kuma babu abin da ake yankewa a cikin gida ba ta sa baki ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Iya. Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a kasuwa, ita da mijinta sun zo garin tun kafin a haife ni, 'ya'yanta kuwa Hausa a bakinsu kamar jakin Kano. Ranar Lahadi ta ɗaura gwaggwaro ta tafi coci, ranar Sallah kuma ita ce ta farko da za ta leƙo ta yi wa Inna barka. Akwai wani wuri da katangar ta zaizaye har ta yi ƙasa, ta nan suke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labarin gari.

Da damina, idan aka kwana ana ruwa gari ya waye da rana, sai naman kaza ya ɓullo a gindin suri da kan juji da jikin ruɓaɓɓen itace. Mu a gidanmu ba ma ce masa naman kaza, laimar kwaɗi muke cewa, kuma iyakar hulɗarmu da shi mu sa ƙafa mu shure. Iya kuwa takan ɗauki kwando da sassafe ta nufi bayan gari, ta dawo da shi fari tas, ta wanke ta zuba a miyar agushi. Gwaggo takan toshe hanci idan ƙamshin ya tsallako, ko da yake ni dai ban taɓa jin wani abin toshe hanci a ciki ba.

Auta tana 'yar aji biyu ta shigo wata rana tana lasar yatsa, ta tsaya a tsakar gida ta sanar da kowa cewa ta ci laimar kwaɗi a gidan Iya, kuma ta fi naman kasuwa daɗi. Gwaggo ta ɗebo manja za ta ɗura mata don ta amayar, Inna kuwa ta juya baya tana tankaɗe, kafaɗunta na rawa don dariya. Babu abin da ya sami Auta. Washegari ma ta koma, ba don ci kaɗai ba, sai don ta tambayi Iya yadda ake gane wanda ake ci da wanda ke kashe mutum. Halinta ke nan tun tana ƙarama. Idan ta kama tambaya ba ta sakinta, har malamanta sukan aiko wa Baba cewa yarinyar nan tana hana aji tafiya.

Ni na yi makarantar horon malamai, na fara koyarwa, aka yi mini aure a Malumfashi a tsakiyar shekarun saba'in. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida haihuwa, kamar yadda aka saba. Gwaggo ce ke yi mini wankan jego safe da yamma, don Inna tana kunyata, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. Amma ita ke dafa ruwan, ita ke dama kunun kanwa. A nan na lura da hannun hagu kaɗai take sauke tukunya, na daman tana maƙale da shi a jikinta kamar wadda ta riƙe abu a hammata. Na tambaye ta, ta ce sanyi ne.

Wata rana da la'asar na shiga ɗakinta neman zanen goyo, na tarar ta sauke riga tana sauya wani tsumma da aka shafe da ƙullin magani. Na ga nonon nata. Ya yi tauri, fatar ta tattare kamar ɓawon lemo, kan ya shige ciki. Ta ja mayafi ta rufe.

"Ke, fita," in ji ta.

Ban fita ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da Inna ta ce in yi abu na ƙi. Na zauna a bakin gado, sannan ta gaya mini, idonta a ƙasa, cewa abin ya fara ne kamar ƙwayar gurjiya, damina biyu da suka wuce. Ba ya ciwo, shi ya sa ta ƙyale shi. Da ya girma kuma sai kunya ta hana ta faɗa, ta riƙa aiken wata tsohuwa tana karɓo mata magani a ɓoye.

Da maganar ta fito, gida ya rabu biyu. Gwaggo ta ce daji ne, kuma kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ko allura aka yi masa sai ya fusata ya bazu, balle wuƙa. Dangi da yawa suka goyi bayanta. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi, wani ma ya zo da sunan mai magani a can wajen Birnin Gwari. Auta tana makarantar sakandare ta kwana a lokacin, hutu ya kawo ta gida. Ita ce ta durƙusa a gaban Baba a zaure, ta ce a ci gaba da addu'a da rubutu, amma don Allah a kai Inna babban asibiti a Zariya. A rana ta uku Baba ya ɗauko shatar mota.

Likitoci suka ce an makara, amma za su yi abin da za su iya. Aka cire nonon gaba ɗaya har da wasu ƙulle-ƙulle a hammata. Ni na yi jinyarta da jaririna a baya. Da muka dawo gida ta rame, hannun ya kumbura, abinci ba ya shiga.

A kwanakin nan ne Iya ta zagayo ta ƙofa, ba ta katanga ba, riƙe da kwanon sha a rufe. A ciki akwai wani ruwa ja-ja mai duhu, kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ta kuma kwance bakin zanenta ta nuna mana abin da ta dafa. Wani irin naman kaza ne da ban taɓa kula da shi ba, mai tauri kamar katako, ja yana sheƙi kamar an shafa masa mai, siffarsa kamar kunne. A jikin kututture yake fitowa. Ta ce a garinsu tsofaffi na dafa shi su ba wanda ciwo ya cinye, don ya sami ƙarfi. Ta ce ita ba ta ce yana warkar da daji ba, ba ta sani ba, abin da ta gani a wajen kakarta ke nan, kuma ba za ta iya zama hannu rabbana tana kallon maƙwabciyarta haka ba.

Gwaggo ta tashi ta bar ɗakin. Inna ta karɓa ta yi bismilla ta kurɓa, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta shanye. Na tabbata don kara ta sha a ranar. Amma Iya ta ci gaba da kawowa, Inna ta ci gaba da sha, har ya zama ita da kanta take tambaya idan an yi jinkiri.

Inna ta murmure. Ta koma girkinta da kiwon kajinta, ta ga haihuwata ta biyu, ta aurar da biyu daga cikin ƙannena, ta ga ranar da Auta ta sami gurbin karatu a jami'a a Zariya. Bayan wasu shekaru ciwon ya dawo ta baya da ƙugu, wannan karon kuma babu abin da ya tare shi. Ta rasu ana tsakiyar noman farko. Allah Ya jiƙanta.

A zaman makoki na ji mata suna ta maganganu ƙasa-ƙasa. Wasu na cewa wuƙar nan ce ta kashe ta, da an bi maganar Gwaggo da tana nan. Wasu na cewa ai ruwan da Bayarabiyar nan ke kawowa ne ya riƙe ta har ta kai haka. Auta tana gefena tana jinsu. Da aka watse ta ce mini, "Yaya, kowa yana faɗar abin da ya ga dama, amma babu wanda ya sani. Ni ina so in sani."

Ilimin haɗa magunguna take karantawa. Da ta kai matakin da ɗalibi ke zaɓar abin da zai bincika, sai ta ce ita naman kazan nan na kututture za ta bi. Ta gaya mini malaminta ya yi ta ƙoƙarin karkatar da ita zuwa ganyen da aka riga aka sani, don aikin ya yi mata sauƙi, amma da ya ga ta kafe sai ya shiga laburare da kansa ya nemo mata abin da mutanen gabashin duniya suka rubuta a kan irinsa. Ashe su ma sun daɗe suna shansa.

Haka ta sauka a gidana a Malumfashi da hutun damina, a farkon shekarun tamanin, da takalmin roba da wuƙa da buhunan takarda. Makarantarmu ma tana hutu, don haka na bar yara wajen uwar mijina na bi ta. Mukan shiga motar kasuwa zuwa Dayi, mu sauka a bakin titi inda masu gasa masara suke, mu yanki hanyar gona. Wata rana Ƙarfi, wata rana Kafur. Idan hanya ta yi laka ƙwarai maigidana yakan kai mu a babur ɗaya bayan ɗaya. Muna bin gindin matattun ɗorawa da kaɗanya da marke, muna leƙa kututturan da manoma suka ƙone suka bari. Idan ta samu sai ta tsuguna ta daɗe tana dubawa, ta shinshina, ta tambayi mai gonar wane itace ne wannan kafin ya mutu, sannan ta yanka. Ba ta haɗa na ɗorawa da na marke a buhu ɗaya.

Mutane sun sha kallo. Mata biyu da lulluɓi, ɗaya ma malamar makaranta, suna yawo a gonakin mutane suna tsintar abin da akuya ba ta ci. Yara sukan bi mu suna waƙar laimar kwaɗi. A tashar Malumfashi wani ɗan kamasho ya tambayi maigidana a asirce ko boko ne ya taɓa ƙanwar matarsa. Ni abin yakan dame ni, har nakan ja mayafi in rufe fuska idan za mu ratsa kasuwa. Ita ko a jikinta. Idan yaran suka matso sai ta nuna musu irin wanda take nema, ta ce duk wanda ya san inda yake ya kai ta. Kafin hutu ya ƙare su ne ke tsayar da mu a hanya.

Tsakar gidana ta koma wurin shanya. Mukan yanyanka shi sirara da ƙyar, don yana dakushe wuƙa, mu baza a tabarmi. Rana ta damina ba ta da alkawari. Sau ɗaya muka tafi Kafur muka bar shanya, hadari ya taso ta gabas, kafin mu dawo komai ya jiƙe, cikin kwanaki kuma ya yi fumfuna. Aikin makonni ya tafi juji. Na ga idon Auta ya kawo ruwa, amma da safe ita ta tashe ni mu fita. Daga nan maigidana ya kafa mana rumfar kwano a kusa da madafa, inda ɗumin wuta ke kaiwa.

Baba bai so abin ba da farko. Labari ya kai masa har majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa 'ya'yansa mata na yawon daji, ya aiko a ce mu yi hattara da bakin mutane. Amma wata Juma'a sai ga ƙanena ya sauko daga motar Funtuwa da ƙunshi a cikin tsohon buhun taki. Manya-manya ne guda uku, jajaye, an yanko su da kyau har da ɗan ɓawon itacen. Ya ce Baba ne ya gani a kututturen ɗorawar da ke iyakar gonarsa, ya ce a kawo wa yarinyar nan, kuma a gaya mata na ɗorawa ne.

A Ƙarfi ne abin da ban taɓa mantawa ba ya faru. Mun sami wani kututture da ya cika da shi a bayan wani gidan gona, muka yi sallama don neman izini. Maigidan ba ya nan, matarsa ta shigar da mu ta dama mana fura. Mace ce da ba ta wuce sa'ata ba, da goyo a bayanta. Ta tambaye mu me za mu yi da wannan abu, na ce mahaifiyarmu ce ta rasu da ciwon nono, ƙanwata kuma tana binciken ko akwai wani amfani a cikinsa. Matar ta daina juya ludayi. Can sai ta miƙo mini goyon, ta kama hannun Auta ta ja ta ɗaki.

Da suka fito Auta ta gaya mata gaskiya a gabana. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma abin da ke cikin buhunta ba magani ba ne tukuna, kada ta dogara da shi. Ta ce ƙullin da ta taɓa ƙarami ne, wataƙila ma ba daji ba ne, amma babu mai iya sani sai an duba a Zariya, kuma yanzu ne lokacin zuwa, ba baɗi ba.

Muka jira mijin ya dawo daga gona. Ya saurare mu da mutunci, yana tsaye da fartanya a kafaɗa, sannan ya tambaya ko an yi wa mahaifiyar tamu aiki. Muka ce an yi. Ya ce, to tana ina yanzu? Auta ta ce masa Inna ta ɓoye nata damina biyu kafin kowa ya sani, duk da haka bayan aikin ta ga jikoki ta aurar da 'ya'ya, matarsa kuwa ba ta kai ko kusa da nan ba. Ya girgiza kai, ya ce daji ba ya son ƙarfe, ya kuma yi mana godiya da zuwa.

Muka shiga mota muka koma gida. Washegari Auta ta wuce Funtuwa. Ban san abin da ta faɗa wa Baba ba, na dai san ranar kasuwar Ƙarfi ya sa babbar rigarsa ya biyo mota, ya sa aka raka shi har gonar mutumin. Suka zauna a ƙarƙashin tsamiya su biyu tun hantsi har azahar, suka yi salla tare. Daga baya Baba ya gaya mini bai yi masa wa'azi ba, labarin kansa kawai ya ba shi, yadda yake kwana gida ɗaya da mace shekara da shekaru bai san abin da take ɗauke da shi ba. Mako bai zagayo ba mutumin ya kawo matarsa gidana, Auta ta raka su Zariya. Daji ne, amma bai yi nisa ba. Aka yi mata aiki, ta yaye goyonta, ta rayu har ta ga auren wannan yaron.

Shi kuwa naman kazan, Auta ta tafi da shi ɗakin bincike. Takan ba ni labari idan ta zo. Ana niƙa shi ya zama gari, a jiƙa wani a ruwan zafi wani a sinadari, a tace, a ƙafar da ruwan, har buhu guda ya koma ɗan abu mai danƙo kamar maɗi a gindin kwalba. A Zariya iyakar abin da ta iya yi shi ne rarrabe abubuwan da ke ciki. Gwajin da take so, wato a ɗiga shi a kan ƙwayoyin dajin nono da ake rainonsu da rai a cikin faranti na gilashi, babu kayan yinsa a wajensu a lokacin. Da ta gama da sakamako mai kyau, jami'a ta riƙe ta aiki, daga baya aka tura ta Ingila ƙaro karatu. Ta tafi da 'yan kwalabenta da takardun izini, kowace da sunan ƙauyen da aka samo ta da itacen da ta fito. Nakan yi murmushi idan na tuna cewa akwai wani ɗaki a can ƙasar sanyi inda Turawa ke ƙoƙarin furta Ƙarfi.

Ta dawo wajen ƙarshen shekarun tamanin, ba da daɗewa da ba mu jiharmu ta Katsina ba. Gida ya cika, har Gwaggo da ta tsufa ƙwarai aka fito da ita tabarma. Bayan an ci abinci Baba ya ce to, a gaya mana abin da aka gano. Auta ta ce daga cikin duk waɗanda muka tara, yawancinsu ba su yi komai ba. Amma ruwan wasu kaɗan daga ciki, idan aka ɗiga shi a farantin, ƙwayoyin dajin sukan rage saurin hayayyafa, wasu ma su mutu, kuma ta maimaita ta sake maimaitawa ta ga haka. Ƙannena suka fara murna. Ta ɗaga hannu ta ce su dakata. Ta ce faranti ba mutum ba ne. Abin da ya kashe ƙwaya a gilashi zai iya shiga ciki hanji ya narkar da shi bai kai ko'ina ba, ko ya kai amma ya taɓa hanta. Ba a san adadin da zai yi aiki a jiki ba, ba a san wanda zai yi illa ba. Ta ce ƙofa ce aka ga alamarta, ba a buɗe ta ba.

Gwaggo ta tambaya, to shi ne ya riƙe uwarku ko ba shi ba ne?

"Ban sani ba, Gwaggo," in ji Auta. "Na san fiye da yadda na sani a da, amma wannan ban san shi ba."

Da yamma ta zagaya gidan Iya ta faɗa mata daidai abin da ta faɗa mana, ba ƙari ba ragi. Iya, wadda a lokacin ta bar wa 'yarta rumfar atamfa, ta kama kuncin Auta da hannu biyu tana yi mata addu'a da Yarabanci, hawaye na zuba. Ta ce ita abin da ya faranta mata rai shi ne ashe ba guba ta riƙa ba ƙawarta ba, don wannan tunanin ya daɗe yana hana ta sukuni tun ranar da Inna ta rasu.

Labari ba ya zama wuri ɗaya. Kafin wata ya ƙare an ce Autar gidanmu ta gano maganin daji a Ingila. Sai ga wani Alhaji mai harkar magungunan gargajiya, irin masu yawo kasuwa-kasuwa da mota da lasifika, ya zo wajen Baba da huhun goro. Ya ce shi zai tara naman kazan, zai dafa, zai zuba a kwalabe, abin da yake so kawai a buga hoton Auta da rigar digirinta a jikin kwalbar, a raba riba. Baba ya ce maganar ba tasa ba ce, ya sa aka kira ta zaure.

Ina bayan ƙofa ina ji. Ta gaishe shi a durƙushe, ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Alhaji, idan mace ta ga hotona ta sayi kwalbar nan, za ta zauna a gida tana sha har ƙullin ya girma. Haka mahaifiyata ta zauna. Ba zan sa hannu a wannan ba, kuma idan na ga sunana a jikin wata kwalba zan kai ƙara."

Ya yi ta lallashi, ya juya ga Baba ya ce a yi wa yarinya magana, arziki na kiranta. Baba ya tura masa huhun goronsa a hankali, ya ce ai ta riga ta yi magana.

Abin da ta yi maimakon haka shi ne, duk hutun da ta samu, sai ta sa in tara mata mata. Mun yi a harabar makarantarmu bayan an tashi, mun yi a gidan mai unguwa a Dayi, mun yi a Kafur. Ba ta zuwa da allo ko manyan kalmomi. Takan ce a rufe ƙofa, ta nuna musu a jikinta, ta saman riga, yadda mace za ta shafa nononta da tafin yatsu idan tana wanka, da abin da za ta nema. Da farko sai dariya da rufe fuska. Matar nan ta Ƙarfi ta bi mu wasu wuraren, kuma idan ta tashi ta yi magana dariyar takan tsaya. Ba duka suka je asibiti ba, wasu mazajensu sun hana, wasu sun je a makare. Amma wasu sun je da wuri, na san su, ina gaisawa da 'ya'yansu.

Akwai ranar da Baba ya ce yana so ya ga inda take aiki. Ni na raka shi Zariya. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin binciken, Auta ta ce ba sai ya cire ba, ya ce ai wurin ilimi ne. Ta zagaya da shi, ta gabatar da shi ga abokan aikinta, ta nuna masa kwalaben. Sannan ta zaunar da shi a gaban na'urar da ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani, ta sa wani ɗan gilashi da aka shafa wa tsokar dajin nono aka rina ta. Ya sha wahala kafin ya iya rufe ido ɗaya ya daidaita ɗayan, hularsa tana ta zamewa. Daga ƙarshe dai ya gani. Ya daɗe ƙwarai a sunkuye.

"Wannan ne?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Irinsa ne, Baba."

"Ƙanana haka."

Ya ɗago ya goge idonsa da hannun riga, ya ce hasken na'urar ne. Ya sa mata albarka a gaban mutanenta, ya ce ta ci gaba, ko ba ta kai ƙarshe ba wani zai ɗora daga inda ta tsaya.

A motar dawowa na zaci zai yi shiru har gida, don Baba ba mai yawan magana ba ne. Amma muna wuce Giwa sai na ji ya juya ga mutumin da ke kusa da shi, wani mai buhun barkono da bai taɓa gani ba, yana ba shi labari. Ya ce yau ya ga daji da idonsa, 'yarsa ce ta nuna masa. Mutumin ya tambaya ko ta samo maganinsa ne. Baba ya ce a'a, tana kan nema, kuma ita ba ta faɗar abin da ba ta tabbatar ba. Daga nan ya tambayi mutumin ko yana da iyali, ya shiga yi masa bayanin abin da zai gaya wa matarsa idan ya isa gida. Har muka shiga tashar Funtuwa bai gama ba, sai da ya tsaya a bakin mota ya ƙarasa masa.